Wanda Ya Fara Shiga Ruwa

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi, irin wadda nakan durƙusa in yi miki a ƙofar ɗaki. Damina huɗu ke nan rabona da Daura, har da wadda ta tafi da ke ban samu jana'izarki ba.

Inna, an tuɓe ni daga helmanci, wato shugabancin leburori.

Kantin da nake wa aiki gyaɗa yake saye, a kai ta jirgin ƙasa a Nguru. Bana aka tura mu Gashuwa mu haye da buhuna. Kogi ya cika, kwale-kwalen kanti kuwa tsoho ne, an cusa tsumma a tsagarsa. Badawa, da aka haifa a bakin ruwan nan, suka dube shi suka kau da kai. Mutanena, da rabinsu ba su iya iyo ba, suka zauna suka ƙi motsi.

Baturen kanti ya ce in je in yi musu "riyashuwa". Akawu ya fassara mini: wai ka kwantar wa mutum da hankali, ka mayar masa da zuciyarsa bayan tsoro ya ɗauke ta. Ya ce abin da likitan Turawa ke yi wa majinyaci ke nan.

Ba ni da faɗa da kalmar, Inna. Ai a wurinki na fara ganin aikinta. Kin tuna rafin hanyar kasuwa, ranar da na toge ina kuka? Ba ki lallashe ni ba. Kin tattare zane, kin shiga da ƙwaryar fura a kai, kika juyo kika ce, "Ka ga inda ya kawo mini? To, zo."

Abin da na nema ke nan. Na ce akawu ya gaya wa Baturen ya shiga ya zauna a kan buhun farko, ni in bi bayansa, ba wanda zai rage a gaɓa. Ya gyara hularsa ya koma inuwa. Ashe bakina yake so ya ara! Mutanen da muke cin tuwo a kwano ɗaya, in rantse musu a kan jirgin da ko takalminsa bai taka ba? Na ƙi, shi ne ya tuɓe ni.

Ba zan zalunce shi ba, bai taɓa riƙe mana lada ba. Kuma wani ya karɓi helmancin, ya yi musu daɗin baki, suka shiga, jirgi ya haye lafiya. Har yau ana yi mini dariya. Su yi. Da ya nutse, sunan wa matansu za su kira?

Yanzu buhu nake ɗauka a tashar Nguru. Bayana ya gaji, Innata, amma ina iya kallon idon kowa.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya haye da ke siraɗi yadda kika haye da ni.

Abin da na tara zan kai wa matata Ladi da yara: turmin atamfa ɗaya, buhun gero ɗaya, kwandon busasshen kifi ɗaya. Shi ke nan.

Ɗanki,
Habu