Sunanki Ya Dawo Gida

An haihu! Mace ce, Uwargida, mace! Matar autanmu Haruna ta sauka lafiya ranar Talata da hantsi.

Ki gafarce ni, na fara da ihu ban yi sallama ba. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a makwancinki, da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Da hannuna nake rubuta wannan, albarkacin ajin yamma na manya da na shiga bayan rasuwarki, ko da yake yatsuna sun fi sabawa da wuƙar fawa.

Haruna ya ce sunanki zai sa mata. Na ce madalla, Hajara ke nan. Ya ce a'a, na farkon yake nufi, wanda kika zo da shi daga unguwar Kokomlemle kina 'yar ƙabilar Fante mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan naku: Felishiya.

Ranar da kika musulunta mahaifiyata ta ba ki Hajara, kika karɓa hannu bibbiyu. Daga nan wancan sunan ya daina shigowa gidanmu, sai in ƙanwarki ta zo ta tsaya a ƙofa ta ƙwala, "Feli!" Ko tuwo kike tuƙawa sai kin saki muciya. Kin taɓa ce mini, "In aka kira ni haka, muryar uwata nake ji."

Liman ne ya tsaya. Ya ce shi ba ya raɗa sunan da bai san ma'anarsa ba, in na gunki ne fa? A kawo masa asali da ma'ana kafin ranar suna, in ba haka ba Hajara zai faɗa. Ban ga laifinsa ba. Ni da muka tsufa tare ma ban sani ba.

A mahauta wani ya ce Turanci ne, wani ya rantse Fante ne. Sai na tare malamin ajinmu, wanda ya yi karatu a makarantar mishan. Ya ce sunan ya girmi Turanci nesa ba kusa ba. Daga Latin yake, harshen mutanen Rum na da, wanda yau ba a ciniki da shi a kowace kasuwa. Tushensa "feliks", wato mai sa'a, mai farin ciki. Har itacen da ke yawan 'ya'ya haka suke ce masa. Namiji Feliks, mace Felishiya. 'Yan mishan ne suka kawo shi bakin teku, mutanenku suka karɓa, suka gutsure shi ya koma Feli.

Na yi ta juya maganar itacen nan a mota har na wuce Kawukudi ban sauka ba. Tsakar gidan nan ba wurin sa ƙafa saboda jikokinki.

Da na kai wa liman bayanin, sai ya yi dariya ya ce ashe Sa'adatu ce ta biyo ta wata hanya. Ya ce kyakkyawan suna ba ya lalacewa don harshensa. Zai faɗi biyun tare: Sa'adatu Felishiya.

'Ya'yanki dai ba za su iya kiran sunan uwarsu ba, tuni suka koma ce mata Ummi. Ni ma ban taɓa kiranki da suna ba, ko wannan ko wancan, haka muka taso. Amma jika amaryar kakanta ce, babu kunya tsakaninmu. Jiya na ɗauke ta, na kai baki kusa da kunnenta. Da ƙyar sunan naki ya fito daga bakina. Ita kuwa hamma ta yi mini, irin wadda kike yi in na fara dogon labari.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sada ki da rahamarSa. Ya raya yarinyar nan bisa imani, Ya sa sunanta ya bi ta. Amin.

Ni ne maigidanki,
Garba mahauci, Maamobi.

Ku kuma masu leƙen takardar nan ta bayan kafaɗata, suna Talata ne bayan sallar asuba. A aika Kokomlemle a gaya wa dangin uwargida. Akwai koko da ƙosai, rago na ɗaure. Mutanen Nima, mutanen Sabon Zongo, kowa ya zo, ku zo ku ga amaryata!