Kashin Gunya

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024
"Ai ke kika yi karatun dabbobi," in ji Yaya Basiru, ƙafarsa ɗaya cikin motar Kano. Shi ke nan. Ya bar min ƙungiyarsa ta koya wa matasa kula da doki, da Gunya, tsohon dokin Baba, haƙarƙari duk a waje. Baba ya ce in bai murmure ba kafin ruwan shuka, dillali zai zo. Kowa ya san inda irin waɗannan dawakan suke ƙarewa: tukunya.

Asabar, 27 ga Afrilu
Yara uku da suke zuwa sun ƙaru har sun cika zaure. Na yi ta bayani kan tsutsar ciki da gyaran kofato, har na fara jin kaina wata aba.

Laraba, 1 ga Mayu
Ashe kashi suke zuwa kwasa. Takin zamani ya gagari kowa, iyayensu ke turo su da bokiti. Tasi'u da Ɗanliti har da dambe a bayan wutsiya. "Ni na fara ganin ya ɗaga ta!" Don wannan na je jami'a.

Alhamis
Na kafa doka. Wanda bai kawo harawa ko dusa ba, bai share turke ba, bai goge jikin Gunya ba, ba shi da taki.

Asabar, 11 ga Mayu
Inna Hure maƙwabciyarmu ta zo a fusace, wai Tasi'u ya sauke mata harawar awaki daga kan soro. "Malama, akuya na haihuwa. Dokinku me yake haifa?" Ta karɓi bokiti biyu na taki, ta tafi tana mita.
Ɗazu na tarar da Tasi'un yana cire wa Gunya kaska a kunne, yana ce masa Alhaji. Babu bokiti a kusa. Na duba.

Lahadi, 19 ga Mayu
Dillali ya zo, ya buɗe bakin Gunya, ya taɓe nasa. Yaran suka kewaye turke. Ban yi zaton abin zai dame ni ba. Sai ga Inna Hure: "Alhaji, in ka sayar, me zan zuba wa gerona?" Baba ya dubi tarin takin, ya dubi dillali, ya ce a gaida gida.

Litinin, 27 ga Mayu
An kira ni aiki a Kano, kantin maganin dabbobi. Abin da nake ta roƙo ke nan. Na gaya wa mai kantin ba na aiki ranar Asabar, na ce lalurar gida ce. Zan riƙa dawowa ne don kawai kada yaran su kashe Gunya da jiƙon kanwa.
Mota na jira. Bari in rufe ɗaki. Ta turke zan bi, duk da zagaye ne.