Wacce Zan Riƙe Cikin Magunan Marigayiya?

Assalamu alaikum Malama. Don Allah ki taimake ni da shawara, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Na san wasu za su karanta wannan su yi dariya, su ce ga mutum da furfura a gemu yana kai kuka a kan mage. Su yi dariyarsu, ba su san inda yake mini ciwo ba.

Ni mai gyaran wuta ne a wata masana'antar robobi. Da sassafe nake fita, sai rana ta faɗi nake dawowa, in inji ya yi gardama ma in wuce haka. Bara Allah ya yi wa matata rasuwa. Mun daɗe tare, Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗora wa wani laifi a tsakaninmu. Ita Allah ya yi ta da son dabbobi, har ina mata tsiya cewa ta buɗe makarantar kwana ba ta gaya mini ba. To, ɗaliban nan su ta bar mini: maguna uku da kare ɗaya, kowanne da irinsa, kowanne da halinsa.

Akwai Auduga, irin magen Farisa ce, fara sol, gashi har ƙasa, fuskarta a danne kamar ta yi karo da bango. Kowa ya gan ta sai ya ce masha Allah. Amma kyan ne kawai, ko ƙadangare ya bi ta gabanta kallonsa za ta yi ta mayar da kai. Ba ta son hayaniya, da ta ji baƙi sai ƙarƙashin gado. Idanunta kullum suna tsiyaya sai an goge, gashin kuma in aka kwana biyu ba a taje ba sai ya cukurkuɗe ya dunƙule. Tun bayan rasuwar, maƙwabciyarmu ce ke shigowa ta taje ta, wata dattijuwa ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, don ni hannuna da filaya ya saba, ba da mataji ba.

Akwai Alƙali, muzuru ne irin na Ingila, ruwan toka, ga ƙaton kai zagayayye, ga kumatu, idanu kamar jan ƙarfe. Saman kabad ne kotunsa. Nan zai zauna yana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba. Ba ya son a ɗauke shi, ba ya son a rungume shi. In na zauna a kujera zai sauko ya zauna can gefe, bai matso ba, bai kuma tafi ba. Gaskiya ni da shi gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Akwai Kofur, karen nan irin na Jamus mai kunnuwa a tsaye, baya baƙi, ƙafafu ja-ja. A tsakar gida yake, gadi ne aikinsa, bai taɓa taka ɗaki ba. In ya yi haushi sau ɗaya, mai tallan da ke ƙofa sai ya tuna yana da wani uzuri. Amma ban taɓa ganin dabba mai jin magana kamarsa ba, ido kawai marigayiya ke masa ya kwanta. Yanzu girma ya kama shi, in zai tashi sai ya yi da ƙyar da ƙafafun baya. Duk gajiyar da na kwaso, sai na ɗan zagaya da shi bayan layi, in ba haka ba ya ƙi cin abinci.

Sai Rediyo. Malama, a nan gizo ke saƙar. Irin magen Siyam ce, siririya, jikinta ruwan madara, amma fuska da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya duk baƙi-baƙi, idanu shuɗaye tar. Ni na raɗa mata sunan, don bakinta ba ya mutuwa. Ita ce 'yar gaban goshin marigayiya. Kicin tare, shanya tare, in tana ɗinki tana kan cinyarta. Matata na magana tana amsa mata, har nakan tsaya a ƙofa in saurara, in ce yau kuma gulmar wa ake yi. Tun da aka fita da gawar matata Rediyo ba ta daina nema ba. Ɗaki zuwa ɗaki take bi tana kuka. In na dawo daga aiki, tun daga bakin ƙofa nake jiyo ta, muryar har ta dushe. Ta rame, ta lashe gashin cikinta har fata ta fito. Ina shiga za ta haye kafaɗata ta yi ta ba ni labarin da ban iya ji ba. Ita kaɗai ce a gidan nan take yin kukan da ni nake haɗiyewa, kuma ina sonta fiye da yadda zan iya faɗa.

A asibiti, da matata ta ji jikin ya ƙi, ta kama hannuna ta ce ba ta bar mini 'ya'ya ba, amma ga waɗannan bayin Allah, in riƙe su amana, kada in bari su wulaƙanta. Na ce na ɗauka. Ban ɗauka don in kwantar mata da hankali kawai ba, har zuciyata na ɗauka.

Yanzu mai gidan da muke haya yana son gidansa, kuma bai zalunce ni ba, ya ba ni lokaci isasshe. Na yi yawo har takalmina ya gaji. Duk inda na ce ina da kare sai a nuna mini hanya. Abin da na samu shi ne ciki da falo a saman bene kusa da wurin aikina, mai shi kuma ya ce mage ɗaya ya yarda, kare kuwa ko a mafarki. Ƙarshen watan nan zan tashi.

Masu so sun fito. Ƙanwar marigayiya tana son Auduga, yaranta sun mutu a kanta, gida ne mai yara rututu, ba a rufe ƙofa, ba a kashe talabijin. Mai shagon kayan masarufi na bakin titi yana son Alƙali, ya ce wannan ƙaton kan zai gama masa da ɓerayen sito. Wani mai gareji kuma yana son Kofur, har ya nuna mini sarƙa da turken da zai ɗaure shi. Ni kuma in tafi da Rediyo. A baki lissafin ya fita, kowa ya samu wanda idonsa ya kwanta a kai.

Amma na kasa barci a kan lissafin nan. In na raba su, na ci amanar matata ke nan? In kuma rabuwar ta zama dole, wannan rabon da na yi daidai ne? Abokan aikina cewa suke dabba dabba ce, in miƙa kowacce ga wanda ya fara miƙo hannu in huta. Ƙanwar marigayiya kuma in na hana ta Auduga za ta ce don 'yar'uwarta ba ta da rai ne. Ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci.

Naki,
Mijin mai maguna

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan matarka, ya sa ta huta. Babu abin dariya a wasiƙarka, kuma wanda ya ce maka dabba dabba ce bai taɓa dawowa gidan da babu kowa ba.

Mu fara da amanar. Ka sake duba abin da ta ce maka: kada su wulaƙanta. Ba ta ce dole su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Ka nemi gida ba ka samu ba, Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Raba su ba cin amana ba ne. Cin amanar shi ne ka ba da kowanne inda halinsa ba zai zauna ba. Kuma a nan ne lissafinka ya karkace, don kowa da ido ya yi zaɓe, har da kai. Na zauna da wata likitar dabbobi na karanta mata wasiƙarka, ga abin da muka tsayar.

Mai shago kallon kitse yake wa rogo. Irin su Alƙali ba ƙaton kai ne ke sa su farauta ba, muzurun da ya tashi a falo yana cin abinci a kwano, in aka kulle shi a sito da buhuna, shi zai wahala, ɓeraye kuma su ci gaba da harkarsu. Ka ba shi haƙuri ya nemi magen unguwa mai zafin nama.

Mai gareji kuwa, ka gode masa ka ce a'a, kada ma ka ja zancen. Karen Jamus mai sabo da mutum ne, yana son a ba shi aiki a kuma yi masa magana. Tsoho mai ciwon ƙugu a kan turke, cikin rana da ƙarar guduma, ko dai ya lalace ko ya zama mugu. Tun gobe ka je wurin likitocin dabbobi, su suka san gidaje masu fili da ke neman kare mai ladabi. Ka je ka ga gidan da idonka, ka kai shi ziyara kafin ranar rabuwa, ka kuma roƙi a bar ka kana zuwa kana zagayawa da shi ranar hutunka. In wata ya ƙare ba a dace ba, ka roƙi mai gidanku ya bar Kofur a tsakar gida na ɗan lokaci. Mutumin da ya yi maka adalci a farko ba zai rasa wannan ba.

Auduga ta riga ta samu gida, kai ne ba ka lura ba. Dattijuwar da take shigowa tana taje ta ba wanda ya sa ta, ita ce mai ita. Gidanta shiru, hannunta ya saba da jinya, magen kuma ta san hannun. Ka je ka tambaye ta da ladabi, kada ka ɗauka ta yarda tun ba ka tambaya ba. A gidan yara kuwa, Auduga ƙarƙashin gado za ta ƙare, gashi a dunƙule, ido a kumbure, yaran ma su gaji da abar da ba ta wasa.

Saura mai ɗacin, tunda ka ce in faɗa. Bai kamata ka tafi da Rediyo ba. Na san ita kake so, na san kuma dalilin, ba kuma ƙaramin dalili ba ne. Amma ka dubi abin da ka rubuta da hannunka: muryarta ta dushe, ta rame, ta cinye gashin cikinta. Rashin uwar ɗakinta yana ciki, amma wunin kaɗaici ne ke ƙarasa ta. Irin su ba sa iya zama su kaɗai. Yanzu ma da take da sauran maguna da maƙwabciya mai leƙowa ga yadda ta koma, ina ga an rufe ta a saman bene daga safe har magariba? Za ka samu mai tarbarka in ka dawo, ita kuma ta biya kuɗin tarbar da lafiyarta. Gidan ƙanwar marigayiya, wanda ba zai yi wa Auduga ba, shi ne maganin Rediyo: mutane ko da yaushe, ga masu amsa mata surutu. Ka fara kai ta wurin likita a duba ramar da cikin. Sannan ka zauna da ƙanwar matarka ka ce mata ba hana ta ka yi ba, wadda yayarta ta fi so ce za ka ba ta. Ban ga ƙanwar da za ta ji wannan ta yi fushi ba. A ja wa yaran kunne su bi ta a hankali, a ware mata wani lungu da za ta riƙa fakewa har ta saba.

Kai kuma abokin zamanka Alƙali ne. Shi ne zai iya wuni shi kaɗai a bakin taga bai damu ba, in ka dawo ya zauna kusa da kai ba tare da ya nemi abin da ba ka da ƙarfin bayarwa ba. Kada ka raina irin wannan ƙauna don ba ta da baki. Ni a wasiƙarka ma na ga kamar halinku ɗaya.

Abu na ƙarshe. Kewar da ke cinka ta fi ƙarfin mage, ko wace iri ce. Kada ka koma sabon ɗaki ka rufe ƙofa. Gidan ƙanwar matarka gidanku ne, ka riƙa zuwa, ka ga Rediyo, ka zauna da mutanen da su ma suka yi rashin da ka yi, ku ambaci marigayiya da baki.

Ranar da za a kai Rediyo, kada ka aika kowa, kai ka ɗauke ta da hannunka. Ka haɗa mata da wani tsohon mayafin marigayiya da ba a wanke ba, ta riƙa kwanciya a kai. Za ta yi kuka in ka juya, kai ma wataƙila ka yi, kuma ba abin kunya ba ne. Ka dai ci gaba da tafiya, kada ka koma ka ɗauko ta. Duk cikin amanar nan, nan ne wurin da ya fi nauyi, kuma nan ne za ka cika ta.

Allah ya ba ka haƙuri da juriya, ya sa albarka a sabon mazauni, ya haɗa ka da matarka a gidan da ba a tashi.