Bidon Baraka da Kifin Gaya

Kwatanu

Zuwa ga Yaya Sa'idu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da Inna. Tun da sojoji suka karɓi mulki gadar kan iyaka a rufe take, shi ya sa na ba mai kwalekwale takardar nan da bido ɗaya, wato jarka.

Aikin da nake yi a labo, ɗakinmu na bincike, shi ne a ciki. Muna sa garin roba mai laushi ya lulluɓe ɗigon maganin ƙwari, ya zama ɗan ƙwanso wanda ido ba ya gani, maganin ya riƙa fita kaɗan-kaɗan. Amma ƙwanson bai yi ƙarfi ba tukuna, zafi na fasa shi. Ka gwada a shinkafar da aka shuka a tukunya kawai, a inuwa, ka rubuto mini abin da ka gani.

Ka gaida Yaya Alassan.
Ƙanwarka, Baraka

Gaya

Baraka,

Gaisuwa. Lafiya muke, ban da wari.

Yaya Alassan ya ga takardarki, ya ɗauki bidon ya kai wa wani hafsan soja, wai ƙanwarsa ta ƙago abin da zai ciyar da ƙasa. Suka zo fadama da 'yan telebijin, rana tsaka, aka juye shi duka a gonakin shinkafa. Na ce, "Yaya, ta ce zafi na fasa shi." Ya ce, "Rufe mini baki, ana ɗaukar hoto."

Ruwan ya gangara tafki. Gari na wayewa kifi ya taso, ciki a sama, ƙudaje har mutum ba ya iya buɗe baki. Na yi amai a bakin tafkin.

Ba ma wannan ne ya fi tayar mini da zuciya ba. Alassan ya sa an kwashe kifin, an banda, ana sayarwa a kasuwa. Ɗiyar Kabo masunci ta ci, tana kwance gidan likita. Jiya kuma Alassan ya zo yana sakace, wai in roƙe ki wani bidon, hafsan zai dawo da manyansa.

A huta lafiya.
Sa'idu

Kwatanu

Yaya Sa'idu,

Gaisuwa. Sunan maganin na bayan takardar nan, ka kai wa likitan yarinyar yanzu.

Zan ƙetaro ranar kasuwa, in tsaya wajen masu kifi in faɗi da bakina cewa akwai guba a kifin. Ka tare ni bakin ruwa. Ka gaya wa Alassan ba gidansa zan sauka ba.

Sai na zo.
Baraka