Alƙibla a Tsakiyar Teku

Maman Nasir,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Nasir da Iyatu. Yaya sanyin unguwarmu Parkchester? Yaya ƙafar Inna?

Na iso tsibirin nan lafiya. Sansanin soja ne a tsakiyar tekun Fasifik, inda ake gwajin kakkaɓo makamai masu linzami, ni kuma nawa gyaran wutar na'urorin da ke hango su. Nan ba mai motar kansa, kowa keke. Da kin gan ni a kan nawa mai tsatsa, sai kin riƙe ciki. Abinci dai ana ci, amma ki aiko min da yaji.

Ga labari. Kwana tara ina sallah ina kallon gabas, yadda muka saba tun daga Kano har Bronx ta New York, ko alƙiblar waya ban duba ba. Ran Juma'a wani kuku ɗan Bangaladash ya jira na sallame, ya kama kafaɗata ya juya ni. Ashe alƙiblar nan yamma take! Muka yi ta dariya. Yanzu mu biyu ne a sahu, kuma na daina cin abinci ni kaɗai.

Ki sa Nasir ya tambayi liman ko zan rama sallolin. Na duba taswira kuwa, in aka miƙe ta inda nake kallo, New York za a tarar. Ashe kwana taran nan ku nake fuskanta.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Dikko