Muryar Royce a Talla

Los Angeles, Maris 1997

Yaya Darlene,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Marcy. Ki ce mata kawunta ya ga hotonta, haƙoran nan biyu sun yi mata kyau da suka faɗi.

Yaya, kin san fim ɗin da kamfaninmu ke yi a kan ruftawar ramin kwal ɗin garinmu. An gama shi, kuma ofishinmu aka ba aikin tallarsa. Na gani, na yi kuka har na rasa inda zan sa fuskata. Amma 'yan wasan ba su iya maganar mutanenmu ba, kamar masu karanta labarai suke yi. Shi ne na tuna da kaset ɗin na'urar amsa wayarki, wanda mijinki Royce ya bar miki saƙo a kai ranar da abin ya faru. Ina so ki ara min shi. A ƙarshen fim za a jero sunayen waɗanda suka rasu, ni kuma burina a ji muryarsa a nan, sau ɗaya, babu kiɗa babu komai. Mutum ne, ba suna a allo ba. Akwai takardar izini a ciki, sai ki sa hannu.

In kin ƙi ba zan ji haushi ba. Amma ki yi tunani.

Ƙaninki,
Wendell

*

Coldwater Gap, Afrilu 1997

Auta,

Muna lafiya. Marcy ta ce kai ma haƙoranka za su faɗi, ka jira.

Ga kaset ɗin. Ban taɓa bari ya kwana a wajen gidan nan ba, ko mahaifiyar Royce sai dai ta zo ta saurara a ɗakina. Ba wata magana ba ce mai tsawo. Cewa ya yi: “Darlene, ni ne. An ƙara mana aiki, zan yi dare. Ki bar min fitilar ƙofa a kunne.” Sai ya yi tari ya ajiye.

Ban karanta takardar ba, ta yi min yawa, kuma kai ka aiko ta. Ni na goya ka, in ban yarda da kai ba da wa zan yarda? Sau ɗaya ka ce. Ka riƙa cin abinci.

Yayarka,
Darlene

*

Coldwater Gap, Oktoba 1997

Wendell,

Ina gaishe ka saboda haka aka koya mana.

Ranar Talata ina guga, talabijin na kunne, sai na ji Royce ya ce, “Darlene, ni ne.” Na amsa, Wendell. Na juya na ce, “Na'am?” Sai ga ganguna, ga wuta, ga wani ɗan wasa yana gudu cikin rami, ga ranar da za a fara nuna fim. Rigar Marcy ta ƙone a hannuna. Kafin a gama labarai sun sake sa shi. Sun yanke tarin.

Kaset ɗin ya dawo, na gode. Amma me ka dawo min da shi? A gidan abincin da ke bakin babban titi, maganarsa ce a jikin kowane kofin lemo: “Ki bar min fitila a kunne.” Kwandon shara cike da ita. In ka sayi abincin yara sai a ba ka 'yar hular kwano ta roba mai fitila a goshi. Masu sayar da ƙwan fitila ma sun kafa allon talla a hanyar maƙabarta da wannan maganar. Ko ba su san hanyar ina ba ce?

Jiya Marcy ta dawo daga makaranta da hular a kanta, wata ƙawarta ta ba ta. Na fizge. Ta ce, “Mama, ai ta Baba ce, kowa yana da ita sai ni.” Na mayar mata.

Mahaifiyar Royce ba ta yi min magana a coci ba. Ta faɗa wa mutane na sayar mata da ɗa.

Kada ka kira. Na cire wayar. Ka rubuto, ina so in ga yadda za ka rubuta shi da hannunka.

Darlene

*

Los Angeles, Nuwamba 1997

Yaya,

Ina gaishe ki, in za ki karɓa.

Ga yadda aka yi. Ranar da kaset ya iso na sa wa mai haɗa sauti, sai maigidanmu Mista Kessler ya shigo. Ya tsaya ya ji, ya ce a maimaita. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, “Yaro, wata shida muna neman abin da za mu rubuta a allo, ashe yana aljihunka.” Na ce na ƙarshen fim ne kawai. Ya ce, “Za mu duba.” Na ɗauka ya ji ni.

Da na ga tallar na shiga ofishinsa ba sallama. Na ce wannan mijin yayata ne. Ya ce ya sani, ya yi min ta'aziyya, har da ba ni kujera. Ya ce an gwada tallar a kan 'yan kallo, wata da muryar wata babu, kuma mata sun fi zuwa in akwai ta. Ya ce kofunan sun riga sun bazu a ƙasa duka, wa zai bi ya tattaro? Na je wurin lauya a ɓoye. Ya karanta takardar ya ce ta ba su komai, har abada. Ni ma ban karanta ta ba, Yaya.

A ƙarshen fim kuma ba a sa muryar ba. Sun ce mutane sun riga sun ji ta. Sunayen suna wucewa ne lokacin da ake tashi ana kakkaɓe gugguru.

Fim ɗin ya karɓu fiye da yadda aka zata. An ƙara min girma. Na rubuta takardar barin aiki, tana nan ban miƙa ba. In na tafi ba za a cire ko allo ɗaya ba, in na zauna kuma ban san da wace fuska zan zo miki ba. Ki faɗa min abin da zan yi. Zan iya zuwa Kirsimeti?

Ƙaninki,
Wendell

*

Coldwater Gap, Janairu 1998

Wendell,

Muna nan. Ka riƙe aikinka, barinsa ba zai amfane ni da komai ba.

An sauke allunan, wani fim ake talla yanzu. Na ce to, an bar min mijina. Ranar Lahadi da Marcy ta tafi wasa na rufe ƙofa na sa kaset ɗin. Ya ce, “Darlene, ni ne,” sai na ji kunnena yana jiran ganguna. Na mayar baya na sake sawa. Haka dai. Da ya yi tarin nan har na yi mamaki, kamar dama tarin ba a wurin yake ba.

Ba na fushi da kai yanzu, na gaji ne. Kada ka zo tukuna.

Ka kula da kanka.

Darlene