Hotuna Bakwai Kafin Ganin Wata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ni ne Idirisu ɗan Yusufa, mai hoto a New Bell, nan Douala. Ina rubuta wannan takarda da hannuna yau Alhamis bayan la'asar, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta mini. Tun safe na ƙi shan maganin da ke sa ni barci, don kada wani ya ce daga baya magani ne ya yi magana. Malam Sirajuddeen, limamin masallacinmu, zai sa hannu a ƙasa a matsayin shaida.

Zuwa ga 'ya'yana Usaid da Rahmatu da Ikhlas, da mahaifiyarku Hawwa. Likita bai ɓoye mini abin da ke cikin hantata ba, ni ma ba zan ɓoye muku komai ba. Ku karanta ku huɗu kaɗai, ƙofa a rufe. Kada ƙanena, Baffanku Rabe, ya san da takardar nan kafin lokaci.

Na ɗaya. In na cika, kada a jira kowa. Usaid da Malam su yi mini wanka, a kai ni kusa da mahaifina in akwai wuri, in babu a sa ni inda aka samu.

Na biyu. Gidan nan da shagon hoto, Malam zai raba muku yadda Allah ya tsara, ban da abin ƙarawa a kai. Sai dai na cire sulusi, a raba shi biyu: rabi ga iyalin Bukar maigadi da ke zaune a unguwar Village, rabi ga 'ya'yan marigayi Bilya ɗan dako. Na san za ku tambayi abin da ya haɗa ni da su. Amsar tana gaba.

Na uku. Dogon gilashin nan fari da nake ɗaukar wata da shi, wanda Rahmatu ke ce wa teleobjektif, da ƙafa-ukunsa da akwatinsa, na riga na ba Ikhlas kyauta ina raye, a gaban Malam. Ba ya cikin gado. Kada ku ji haushi, ita kaɗai ce a cikinku ta taɓa tsayawa da ni a kan rufi har sauro ya kumbura mata ƙafafu ba ta ce mu sauka ba.

Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar biki da suna da hoton fasfo kafin na mallaki gilashin nan. A wurin wani ma'aikacin jirgin ruwa na saye shi. Ranar da na fara ɗora shi a kan wata, na ga ramuka da tsaunuka da inuwarsu, sai da na zauna a ƙasa. Tun ina yaro mahaifina ke riƙe hannuna mu fita duban watan azumi, kuma a garin nan mai hadari sau da yawa sai mu dawo ba mu ga komai ba, mu jira labari daga arewa. Ban taɓa zaton wata yana da fuska irin wannan ba.

Ikhlas, ki riƙe abin da na koya miki. Laimar Douala ita ce babbar abokiyar gabar gilashi. Kullum ya kwana cikin akwati a rufe da 'yan ƙullin nan masu shan danshi, in sun ƙare ki sa shinkafa busasshiya a cikin safa. Da zarar funfuna ta yi saƙa a ciki, shi ke nan. Kada ki danna maɓallin ɗauka da yatsa, ki sa agogon daƙiƙa biyu ki janye hannunki, ko numfashinki yana girgiza shi. Wata ba ya tsayawa, kina waiwayawa zai fice daga gilashi, sai ki bi shi a hankali. Kada ki ɓata lokaci a kan daren sha huɗu, fari ne fat ba inuwa. Ɗan kwana bakwai ki nema, a bakin inda haske ya haɗu da duhu, nan ramukan suke fitowa. Kuma ko da wasa kada ki juya shi wajen rana da idonki a ciki.

Amma da sharaɗi. Ba za ki hau kowane rufi da shi ba sai maganar da ke tafe ta ƙare. Akwai masu gane farin gilashin nan daga nesa.

Na huɗu. Tsohuwar kyamarata baƙa, mai salatif a murfin batir, ba a sayar da ita, ba a ara ta, ba a kai ta gyara. Lambarta tana cikin kowane hoton da ta ɗauka, ita ce za ta tabbatar ba haɗa su aka yi ba. Ba ta cikin gidan nan. Malam ya san inda take.

Na biyar. Ga abin da na riƙe shekara shida.

Kun tuna gobarar da ta cinye siton atamfa a bayan kasuwar Marché Congo daren jajibirin ƙaramar sallah, siton da Baffanku Rabe ke ajiye kaya da wasu 'yan kasuwa huɗu. Bilya yana barci a ciki, ya wuni yana sauke diloli da azumi a bakinsa, bai fito ba. Aka ce Bukar maigadi ne ya bar risho a kunne. Rabe ya ba da shaida cewa ya sha yi masa faɗa a kan girki a bakin sito. Aka yanke wa Bukar shekara goma sha biyar.

Ranar an wuni ana ruwa, da la'asar sama ta washe. Na ɗauki kayana na hau rufin benen wani abokina mai hawa huɗu, don in nemi jinjirin wata. Al'adata ce kafin rana ta faɗi in daidaita gilashi a kan wani abu mai nisa, saboda in duhu ya fara ba a samun abin kamawa. Na zaɓi tankin ruwan da ke kan siton, don akwai rubutu a jikinsa. Na ɗauka sau bakwai, ina duba kaifin haruffan kawai, ban kalli gefe ba. Aka kira magariba, na sha ruwa da dabino a tsaye. Can sai ga wata, siriri kamar yankan farce. Na ɗauke shi, na sauko da gudu na nuna wa mutanen masallaci a bayan kyamara, aka yi ta sa mini albarka. Bayan isha'i wuta ta tashi.

Sai ran uku ga sallah na zauna gaban kwamfuta. Zan goge hotunan gwajin nan bakwai, sai na ga mutum biyu a gefen tankin. Na ƙara girma. Sun ɗaga fallen kwano ɗaya. Akwai jarkoki uku masu ruwan ɗorawa. A hoto na huɗu, wani mai tabon ƙuna a wuya yana tuttula jarka ta ramin. A na shida, ɗayan ya ɗago kai yana duban yamma, hasken rana a fuskarsa sosai. Rabe ne, da hular da na ba shi.

Na same shi a shagonsa na kasuwar Mboppi, na ja shi baya na nuna masa a waya. Ya daɗe yana kallo, bai musa ba. Ya ce mini, “Yaya, ban san akwai mutum a ciki ba.” Na ce to ya je ya faɗi haka, a saki Bukar. Sai ya buɗe durowa ya fito da littafin makullai, ya ɗora yatsa a kan layin ranar. Sa hannun Usaid ne a wurin, lokacin yana yi masa aiki a shagon. Ya ce, “In hoton nan ya fita, ɗanka ne ya ɗauki makullin tsanin rufin sito ranar. Ba ni kaɗai zan tafi ba.” Ya mayar da littafin, ya tambaye ni ko zan sha shayi.

Na yi shiru. Na ce wa kaina ina kare ɗana ne. Gidan yarin yana cikin unguwar nan, kullum ta gefen katangarsa nake wucewa zuwa shago. Sau ɗaya na shiga, bara. Bukar ya rame, tari ya kama shi, haƙoransa na gaba sun zube. Ya gane ni, ya ce, “Malam mai ɗaukar wata, an ce kai ka fara ganinsa a waccan shekarar.” Ya roƙe ni in na sami hali in ɗauki hoton 'yarsa in kawo masa, don bai san kamanninta ba yanzu. Na ce to. Ban koma ba, na kasa.

Hawwa, kin sha tambayata me ya sa na daina fita duban watan sallah, na ce miki gwiwa ce. Ba gwiwa ba ce. Ki yafe mini.

Na shida. Usaid, ban taɓa zarginka ba. Na san Baffanka ne ya aike ka ka karɓo makullin ka miƙa masa, kana da shekara goma sha tara, sabon shiga shago. Laifina shi ne ban tambaye ka ba, na yanke hukunci a madadinka, na bar ka shekara shida kana cin abinci a hannun wanda ya riƙe ka garkuwa ba ka sani ba. Za a kira ka, za a nuna maka sa hannunka. Ka faɗi abin da ya faru daidai, kada ka ƙara, kada ka rage. Mai yiwuwa a tsare ka kwanaki, ban isa in yi maka alkawarin ba za a yi ba. Ka bar shagon Mboppi a makon nan, ka ce jinyata ce ta hana ka. Na san zuciyarka. Na hana ka zuwa wurin Rabe da wannan magana, na hana ka ɗaga masa hannu ko murya. In ka yi, ka ba shi abin da yake nema, kuma ban yafe ba.

Na bakwai. Rahmatu, ke kika yi boko mai zurfi, kin san ofisoshi da yadda ake magana a cikinsu. Katin kyamarar da hotunan ke ciki, na asali, yana wurin lauyar nan da kika kai ni wurinta a kan takardun fili. Tana da shi a ambulan rufe, ba ta san abin da ke ciki ba. Mun yi da ita ran Litinin da ƙarfe goma zan je in buɗe shi in ba da shaida da bakina, don wannan aikina ne, ba naku ba. In Allah ya kai ni Litinin, ki nemo mota ki kai ni, ko da ɗaukata za a yi. In bai kai ni ba, ki je da wannan takarda da Malam, washegarin jana'iza, kada ki jira sadakar uku. Kada ki faɗa a waya. Kada ki hau bensikin, babur ɗin haya, da ya tsaya miki ba ki tsayar da shi ba.

Na takwas. Ina so ku san ba tsoron mara lafiya ke damuna ba. Watan jiya da aka fasa shagon hoto, kun yi mamakin ɓarawon da ya bar gilasai masu tsada ya kwashi tsohuwar kwamfuta da gwangwanin katuna. Ni ban yi mamaki ba. Tun da labarin ciwona ya fita, Rabe ya zo duba ni sau biyar, alhali a da sai sallah. Ran Talata ya zauna a bakin gadon nan, ya gyara mini matashi, ya ce, “Yaya, tarkacen aikin nan naka, bari in adana wa yara kada su watse.” Na ce sai na yi tunani. Idonsa yana kan saman kwaba har ya fita. Jiya kuma Ikhlas ta ce wani mutum ya tare ta a bakin layi yana tambaya ko babanta zai sayar da tsofaffin kyamarorinsa. Na ce ta kwatanta mini shi. Ta ce ya naɗe wuya da ƙyalle duk zafin nan.

Saboda haka Ikhlas ta daina dawowa daga makaranta ita kaɗai. A cire tulun gas daga tsakar gida a shigar da shi ɗaki mai kulle. Tagar baya da ke kallon lungu a sa mata ƙarfe gobe Juma'a, na riga na yi magana da mai walda. In Rabe ya kawo abinci ko magani, ku karɓa ku yi godiya, kada ku ba ni. In ya zo gaisuwar mutuwa, ku shimfiɗa masa tabarma kamar kowa.

Na tara. 'Ya'yan Rabe ba su hau rufin nan ba. Jininku ne, tare kuka tashi a tsakar gidan nan. Ranar da maganar ta fito za su tsane ku, dangi za su rabu biyu, wasu za su ce na tona asirin ɗan uwana daga cikin kabari. Kada ku mayar da martani. In an rufe muku ƙofa ku bar taku a buɗe gare su, in sun rasa abinci ku aika musu ko da za su dawo da shi. Rabe kansa, nono ɗaya muka sha, ni na goya shi zuwa makarantar allo. Ina roƙa masa Allah ya sa ya faɗi gaskiya da bakinsa kafin a matse ta daga gare shi.

In an saki Bukar da rai, Usaid ya je bakin ƙofa ya tarye shi, ya kai shi Village, ya faɗa masa sunan wanda ya gani ya yi shiru. Ba na neman ku roƙa mini gafararsa. In ya yafe, alheri ne daga gare shi. In bai yafe ba, yana da gaskiya.

Na gaji. Usaid, Allah ya ba ka sanyin zuciya. Rahmatu, Allah ya tsare hanyarki, ya sa a saurare ki. Ikhlas, Allah ya raya ki, ya nuna miki abin da ya fi wanda na gani kyau. Na yafe muku duka, duniya da lahira. Ku riƙe mahaifiyarku, kada ta kwana ita kaɗai ko dare ɗaya. Kwanakin da ke zuwa za a yi ƙoƙarin samun kowannenku a keɓe, a faɗa masa magana a kan ɗan uwansa. Duk abin da aka faɗa wa ɗaya, ya kawo shi gaban sauran a ranar. Ku ci abinci a kwano ɗaya, ku kwana ƙarƙashin rufi ɗaya har wannan abu ya wuce. In an ƙwanƙwasa ƙofa, kada ɗayanku ya je buɗewa shi kaɗai.

Na bar ku a hannun Allah.

Mahaifinku,
Idirisu Yusufa
New Bell, Douala